Yadda Takardun Iyakar Baure Suka Fito Fili

Wanda ya tashi daga Baure ya nufi arewa, ba zai yi nisa ba sai ya shiga ƙasar Nijar, ta wajen Magarya. Mutanen nan da na can harshensu ɗaya, suna aure da juna, suna cin kasuwa tare. Amma iyakar da ta raba su an shirya ta ne a birnin London, kuma sai da aka shekara da yawa kafin a san cinikin da aka yi a kanta.

Asalin maganar kuwa shi ne, a 1898 Ingilishi da Faransawa suka ja layi a kan taswira tsakanin kogin Kwara da tabkin Cadi. Da Faransawa suka zo bin rabonsu, sai suka tarar ba hanya mai rijiyoyi daga Kwara zuwa Damagaram, sai an ratsa ƙasar Ingilishi. Suka yi ta ƙorafi. Ran 8 ga Afrilu 1904 Lord Lansdowne, wakilin Ingila, da Paul Cambon, jakadan Faransa, suka sa hannu a kan alkawarin abuta wanda ake kira Entente Cordiale. A ciki Faransa ta bar wani haƙƙinta na kamun kifi a gaɓar Niyufanlan, can gefen Kanada. A madadinsa aka turo mata iyaka kudu, aka kuma yarda mutanen Tasawa da Maraɗi da Damagaram su zauna a hannunta gwargwadon iko. Watau da kifin wata ƙasa mai ƙanƙara aka yi musayar gonakin Hausawa.

To, Baure da Zango sun daɗe suna bin Damagaram, tun bayan da jihadi ya fitar da sarakunan Haɓe daga birnin Daura. Saboda haka wannan sharaɗi ya shafe su ƙwarai. Aka sake gyaran layin a 1906, Kyaftin Tilho da Manja O'Shee suka bi daji suna kafa alamu har 1908, aka tabbatar a 1910. Baure ta faɗa wajen Ingilishi, Magarya wajen Faransawa.

Alkawarin nan na 1904 an buga shi a sarari, amma akwai sassa biyar da aka ɓoye, game da Masar da Maroko. Sai a 1911 suka fito. Wasiƙun cinikin kuwa sun fi haka daɗewa a kulle. Bayan Yaƙin Duniya na Farko kowace gwamnati ta so ta nuna ba ita ta haddasa shi ba, sai Ingila ta sa malamai biyu, Gooch da Temperley, suka buga takardunta daga 1926 zuwa 1938. A cikinsu ne ake ganin Cambon ya fara neman a ba shi Gambiya ɗungum, Lansdowne ya ƙi, sa'an nan magana ta dawo kan iyakar ƙasar Hausa. Don a wanke kai aka buɗe su, ba don mutanen iyaka ba.

Sauran fayiloli sai doka ta buɗe. A 1958 Majalisar Ingila ta ce takardar gwamnati ta fito bayan shekara 50, a 1967 aka rage zuwa 30. Duk da haka a 2011 gwamnatin ta amsa cewa ta ɓoye dubban fayilolin ƙasashen da ta mallaka, har da na Nijeriya, ta fara sakinsu a 2012. Rahotannin Razdan da na D.O. waɗanda suka saura a gida suna Ma'ajin Takardun Tarihi na Kaduna, da Turanci. Mutumin Baure mai son ya karanta labarin iyakarsa duka, sai ya je Kaduna, ya je Kew a Ingila, ya kuma je Aix a Faransa.