Jini da Sharaɗi: Alkawarin Zuriya a Littattafan Addini da Gadon Sarautar Kano

Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya buɗe ne da Dutsen Dala. A can Barbushe, wanda ya fito daga tsatson wani mutum mai suna Dala kuma yake kula da tsafin Tsumburbura, ya shaida wa mutanensa cewa wani baƙo zai zo da runduna ya mallake su. Bagauda ya zo, a 999 bisa lissafin da aka saba bi, zuriyarsa kuma ta riƙe Kano har zuwa Muhammadu Alwali a 1807. Marubucin ya jera sarakunan nan ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunan mahaifinsa, sau da yawa har da na mahaifiyarsa. Salsala a wurinsa hujja ce ta halaccin mulki.

Wannan tunani ya girmi Kano. A Littafi Mai Tsarki, cikin littafin Farawa, an yi wa Ibrahim alkawarin zuriya mai yawa alhali ba shi da ɗa ko ɗaya, aka kuma ce sarakuna za su fito daga tsatsonsa. A Sama'ila na biyu, babi na 7, an yi wa Dawuda alkawarin dawwamar gidansa, shi ya sa Linjilar Matiyu ta fara da salsalar da ta haɗa Almasihu da Dawuda da Ibrahim. Alƙur'ani ma ya ce Annabi Sulaimanu ya gaji Annabi Dawuda. Haihuwa a waɗannan nassoshi alama ce da ido ke gani cewa Allah bai saɓa alkawari ba.

Sai dai masu kafa hujja da jini sukan tsallake rabin maganar. A aya ta 124 ta Suratul Baƙara, da Annabi Ibrahim ya roƙa wa zuriyarsa shugabanci, an amsa masa cewa alkawarin bai haɗa da azzalumai ba. Zabura ta 132 ta ɗora zaman 'ya'yan Dawuda a kan karaga bisa kiyaye alkawari, kuma Babila ta rushe mulkinsu a Urushalima wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Annabi Isa. Ra'ayina shi ne sharaɗin nan shi ne ƙashin bayan alkawarin, haihuwa kuwa shaida ce kawai.

Kano ta gwada haka da kanta. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a Kitabul Farƙ, ya lissafa gadon mulki ta hanyar haihuwa da ƙarfi, ba tare da shawara ba, cikin laifuffukan sarakunan Haɓe. Amma bayan jihadin Shehu, da Ibrahim Dabo ya hau karagar Kano a 1819, gidansa ya zama gidan sarauta, 'ya'yansa uku, Usmanu da Abdullahi Maje Karofi da Muhammadu Bello, suka yi sarauta a jere. Jikokinsa ne suka gwabza yaƙin Basasa daga 1893, Tukur ɗan Bello a gefe guda, Yusufawa 'ya'yan Abdullahi a ɗaya gefen, har Aliyu Babba na ɓangaren Yusufawa ya kama gari. Duk jini ɗaya ne, kuma jinin bai hana ɗan'uwa zare wa ɗan'uwansa takobi ba.

Na zamaninmu ma haka yake. Muhammadu Sanusi II, da aka tuɓe a Maris 2020 aka mayar a Mayu 2024, da Aminu Ado Bayero da aka naɗa a tsakani, dukansu daga Sarki Abdullahi Bayero suka fito. Da salsala ke raba gardama, da maganar ba ta kai kotu ba.

Za a iya cewa gado na kawo natsuwa, tunda ya taƙaita masu neman karaga, ya sauƙaƙa wa Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta aikin zaɓe. Wannan gaskiya ne, amma iyakarsa ke nan. Gado yana nuna gidan da za a leƙa, bai nuna wanda ya cancanta a cikin gidan ba. Al-Maghili ya gane haka, shi ya sa nasihar da ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa ta fi karkata ga adalci da kula da talakawa. Duk ɗan sarkin da zai kafa hujja da alkawarin da aka yi wa Ibrahim ko Dawuda, wajibi ne ya karɓi sharaɗin da ya zo tare da shi.