Daga Dafi Zuwa Ma'auni: Tarihin Kolcisin da Danginsa

Makiyayin da ya shiga kasuwar Tambuwal ko ta Kebbe ya sayi albendazol domin tsutsar cikin awakinsa, ya ci gādon wani bincike ne da ya ɗauki masana fiye da shekara 150. Tushen binciken kuwa dafi ne, irin wanda ke cikin saiwar baurairai, wato gatarin kurege, tsiron nan mai jan fure da ke fitowa da damina a dazuzzukan ƙasar Hausa.

Sunan dafin kolcisin. A 1820 ne wasu Faransawa biyu, Pelletier da Caventou, suka tace shi daga wani tsiron Turai da aka daɗe ana maganin ciwon gaɓoɓi da shi. A 1889 wani likita a Palermo ta Italiya, Pernice, ya lura cewa ƙwayoyin halitta da dama a hanjin karnukan da aka bai wa dafin suna cikin halin rabuwa. Daga baya aka gane cewa sun fara rabuwar ne suka maƙale. Dalili kuwa, ƙwaya ba ta rabuwa biyu sai wasu siraran bututai sun ja kuromosom, wato ƙunshin gādon halitta, rabi nan rabi can. Kolcisin yakan hana bututan ginuwa, sai aikin ya tsaya cik.

Wannan tsayawa ita ta mai da dafin ma'auni, domin abin da ya tsaya shi ke ƙirguwa. A 1956, a birnin Lund na Suwidin, Tjio da Levan suka tsai da ƙwayoyin ɗan Adam da kolcisin, suka ƙirga kuromosom 46, alhali kuwa an yi shekaru ana koyar da cewa 48 ne. A 1967 Borisy da Taylor na Jami'ar Shikago suka bi sawun dafin har suka gano sinadarin da yake kamawa, wanda shi ne tubalin ginin bututan. Shekara ta zagayo, Mohri na Japan ya raɗa masa suna tubulin.

Albendazol, wanda aka ƙirƙiro a 1975, ba daga tsiro ya fito ba, amma tubulin ɗin nan shi ma yake kamawa. Sai dai ya fi riƙe na tsutsa da ƙarfi bisa ga na akuya; bututan hanjin tsutsar su rushe, ta kasa cin abinci, ta mutu.

To, a nan ne tarihin ya shafi ma'aikacin dabbobi kai tsaye. In aka rage wa garke ma'aunin magani don tsimi, tsutsotsin da tubulin ɗinsu ya ɗan sauya su ne ke tsira su hayayyafa, har maganin ya daina ci; an ga haka a tumaki da awaki a ƙasashe da yawa. Baurairai kuwa, a kudancin Indiya nomansa ake yi don kolcisin, amma a ƙasar Hausa yana nan a daji, yana jiran ɗalibin da zai auna shi.