Asalin Kalmar Gicciye

A ƙasar Togo, daga Kambole zuwa Sokode har Dapaong, ranar Juma'ar da ke gaban bikin Ista, Kiristoci sukan fito ɗauke da itace biyu, ɗaya a tsaye ɗaya a gicce. Yaran zango kan tambayi manya sunan wannan abu. Ga asalinsa.

Bahaushe ya dubi siffar itacen ne ya raɗa masa suna. In abu ya kwanta a kan wani ta faɗi, sai a ce ya gitta, kamar yadda maciji kan gitta hanya. Daga nan aka sami gicciye. Malaman zaure kuwa, in suka zo kan kalmar salbu ta Larabci, sai su ce tsirewa, watau kafe mutum a jikin itace kamar yadda mahauci kan tsire nama a tsinke.

Kalmar gicciyewa da yaran Togo ke ji a makaranta da Faransanci ta fito ne daga Latin, harshen Rumawa. Guda biyu aka haɗa: crux, gungumen da ake rataye mai laifi, da figere, watau kafewa.

Ba Rumawa suka fara wannan hukunci ba. Farisawa sun riga su, amma Rumawa suka mayar da shi horon bayi da 'yan tawaye. A shekara ta 71 kafin haihuwar Annabi Isa, sarkin yaƙi Karasus ya gicciye bayi 6,000, mabiyan ɗan tawaye Sifatakus, a gefen hanyar Kafuwa zuwa Rum. Mutum kan yi kwanaki a rataye, ga rana ga ƙishi, kafin rai ya yi halinsa. A 1968 aka tono ƙashin diddigen wani mutum da aka gicciye a Ƙudus, ƙusar tana nan a jikinsa. Sarkin Rum Kustantin ne ya hana abin a ƙarni na 4.

Kiristoci sun gaskata an gicciye Yesu a zamanin gwamna Bilatus, shi ya sa gungumen wulaƙanci ya zama musu alamar ceto. Musulmi kuwa suna bin aya ta 157 a Suratun Nisa'i, wadda ta kore kisan Annabi Isa da tsire shi. Kowa da abin da ya riƙe, amma kasuwa ɗaya suke ci. Yaron da ya san nauyin wannan kalma ba zai taɓa yi wa maƙwabcinsa ba'a da ita ba.