Tsaunin Everest da Rayukan 'Yan Dako

Ranar 7 ga Yuni, 1922, ayarin Turawan Birtaniya na ƙoƙarin hawa tsaunin Everest ta ɓangaren Tibet, George Mallory na cikin masu jan gaba. Dusar ƙanƙara ta zuba sosai a kwanakin, ba ta kuma gama kamawa ba. Suna cikin hawa sai gangaren ya zaftare, ya yi awon gaba da 'yan dakon da ke biye da su ɗaure da igiya. Bakwai suka rasu. Su ne mutanen farko da aka rubuta mutuwarsu a wannan tsauni, babu Bature ko ɗaya a cikinsu.

Bayan shekara biyu Mallory da Andrew Irvine suka ɓace kusa da ƙololuwa. Duniya ta yi ta juyayi, ana nema har aka gano gawar Mallory a 1999. Waɗancan bakwai kuwa, sai mai tonon tsofaffin takardu zai iya kawo sunayensu.

Tsayin Everest mita 8,849 ne. Da zarar mutum ya haura mita 8,000, iskar oksijin da yake shaƙa kusan kashi ɗaya cikin uku ce na wadda ke bakin teku. Ƙwaƙwalwa kan kumbura, ruwa ya taru a huhu, sanyi ya kashe yatsu har sai an yanke su. Wanda ya faɗi a can, sau da yawa nan ake barin gawarsa, domin sauko da ita na iya cin ran masu ɗauka.

A irin wannan wuri 'yan ƙabilar Sherpa ta Nepal ke neman abinci. Su ke kafa igiyoyi, su gitta tsani a kan ramukan ƙanƙara, su ɗauki tantuna da tukwanen oksijin. Ɗayansu, Tenzing Norgay, shi ya taka ƙololuwar tare da Edmund Hillary ranar 29 ga Mayu, 1953. Mashigar Khumbu, inda gungumen ƙanƙara masu girman gidan sama ke rugujewa ba sallama, baƙon da ya biya kuɗi 'yan lokuta kaɗan yake ratsa ta. Ɗan dako kan yi ta kai da komo a cikinta da kaya a baya har kakar hawa ta ƙare.

Nan ne ranar 18 ga Afrilu, 2014, da sassafe, ƙanƙara ta ɓalle ta kashe ma'aikata 'yan Nepal 16. Uku ba a samu gawarsu ba. Gwamnatin da ke karɓar dubban daloli a kan kowane mahayi ta fara yi wa kowane iyali tayin rupi 40,000, wajen dala 400. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Sherpawa suka ajiye aiki, hawan wannan shekara ta ɓangaren Nepal ya kusa tsayawa cak.

Sama da mutum 300 ne suka mutu a Everest, kusan kashi ɗaya cikin uku Sherpawa. Baƙo sha'awa ce ta kai shi. Ɗan dako kuɗin makarantar 'ya'yansa yake nema, kuma in bai dawo ba, mata da marayu yake bari a ƙauyukan gindin tsaunin. Duk wanda zai ba da tarihin Everest da adalci, da waɗancan bakwai na 1922 ya kamata ya fara.