Rijistar Gwaji: Daga Gonakin Kano Zuwa Injin Kwaikwayo

Duk wanda ya bi hanyar Minjibir ko Gezawa da damina zai ga gona ta haɗe da gona, babu saura, babu daji. Shekara da shekaru ana noman ƙasar nan ba hutu, abincinta a da galibi takin dabbobin gida ne da wanda jakai kan ɗauko daga birni. Masana da yawa sun zaci ta kusa gajiya. Michael Mortimore, wanda shi da J. Wilson suka fitar da rahoto game da wannan yanki a Jami'ar Ahmadu Bello cikin 1965, bai tsaya ga zato ba. An auna ƙasar waɗansu gonaki cikin 1977, aka sake aunawa cikin 1990, da aka gwama ba a ga wata raguwa ta a-zo-a-gani ba. Abin lura a nan shi ne, da masu awon farko ba su rubuta inda suka ɗebi ƙasa da yadda suka auna ta ba, da awo na biyu bai zama hujjar kome ba.

To, irin wannan matsala ita ce ta sami masu aikin kwamfuta, ko da yake su abin da suke aunawa inji ne mai kwaikwayon wani inji.

Asalin abin a Amurka ne. Sa'ad da kamfanin IBM ya fito da System/360 cikin 1964, masu ciniki da shi sun riga sun kashe dukiya wajen tsara ayyukansu a kan tsofaffin injuna kamar 1401. Sai injiniyoyinsa, musamman Larry Moss da Stuart Tucker, suka yi dabarar da sabon inji zai riƙa kwaikwayon tsohon, har aikin da aka tsara wa tsohon ya gudana bai san an sake masa gida ba. Cikin 1972 kuma aka fito da VM/370, mai sa inji guda ya zama tamkar injuna da yawa. Cikin 2003 wani Bafaranshe, Fabrice Bellard, ya fito da QEMU, manhajar kwaikwayo wadda kowa ke iya ɗauka kyauta. Bayan shekara biyu aka soma libvirt, wadda ke tsayawa kamar wakili tsakanin mai aiki da injin kwaikwayo.

Wakili kuwa ba ya aiken wanda bai san iyawarsa ba. Tilas libvirt ta san abin da QEMU ɗin da ke gabanta zai iya kafin ta umurce shi. Da farko takan karanta bayanin taimako da yake bugawa, alhali don mutane aka rubuta shi, da an sake kalma ɗaya sai ta rikice. Lambar fitowa ma ba abin dogara ba ce, domin masu rarraba manhaja sukan cusa sabon abu cikin tsohon fitowa, lamba ta ce wani abu, aiki ya ce wani. Daga QEMU 1.2, cikin 2012, aka koma tambayarsa kai tsaye ta wata hanya da ake kira QMP, yana amsawa cikin tsarin da inji ke ganewa. Gani ya kori ji.

Sauran magana, yaya za a gwada ita kanta mai tambayar? Ba mai iya ajiye kowane fitowa na QEMU a kan kowane irin inji, daga x86 da ARM har s390. Don haka sai a tambayi QEMU na gaskiya sau ɗaya, a rubuta tambayoyin da amsoshinsa cikin fayil, a sa wa fayil ɗin lambar fitowa da irin injin. Duk lokacin da aka taɓa libvirt sai a maimaita mata waɗannan amsoshi kamar faifai, a gwama abin da ta fahimta da abin da aka rubuta ya kamata ta fahimta. Watau an yi wa mai kwaikwayo kwaikwayo ke nan.

A nan ne rubutu ya zama wajibi. Amsar da QEMU ke bayarwa ba tasa ba ce shi kaɗai. Ta danganta ga injin da aka tambaye shi a kai, da abubuwan da aka haɗa shi da su, da ko KVM, wadda ta shiga Linux cikin 2007, tana aiki ran nan. In ba a rubuta waɗannan ba, wanda ya zo bayan shekara biyar ya ga sabon fayil ya saɓa da tsoho, ba zai san ko QEMU ne ya sake ba, ko injin mai tattarawa, ko kuwa wani ne ya yi gyara da hannu ya yi shiru. Aiki ne mara armashi, ba a yabon mai yinsa, shi ya sa akan bar shi baya. Daga bisani masu libvirt suka rubuta takarda suka ajiye tare da fayilolin, mai bayyana ma'anar sunayensu, da yadda ake tattara sababbi, da yadda ake gyara su in ta kama. In kuwa sun daina tallafa wa wani tsohon fitowa, sai su cire fayilolinsa daga rijistar.