Dam Ɗin Tiga da Ciyawar Kachala: Darasin da Kogin Haɗeja Ya Koya wa Injiniyoyi



A shekarar 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala dam ɗin Tiga a kan Kogin Kano. Lokacin fari ya gigita ƙasar Hausa, don haka murna aka yi: ga ruwan sha ga birnin Kano, ga noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure. A 1992 aka ƙara da dam ɗin Challawa.

Sai dai ruwan da aka tare yana da masu jiransa a gaba. Kogunan Kano da Challawa ne suke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja, wanda kowace damina yake malala cikin fadamun Haɗeja da Nguru. Idan ruwa ya cika, a noma shinkafa, kifi ya hayayyafa. Idan ya janye, a shuka wake da masara a danshinsa, Fulani su kawo shanu kiwo. Fili ɗaya, sana'a uku, kowa da lokacinsa.

Dam ɗin ya ɓata wannan tsari ta fuska biyu. Ya rage cikowar damina, sannan ya sa ruwa yana gudu kaɗan-kaɗan har da rani, a kogin da a da yake ƙafewa. Wannan na biyun ne ya zo da masifa, domin kachala ba abin da take so irin ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa. Ta toshe hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta, ruwa ya karkata ta mashigin Marma ya nufi Nguru. Wasu garuruwa gonakinsu suka nutse, wasu kuma tasu fadamar ta bushe. Tsuntsayen jan-baki suka samu mafaka a cikinta, suna fitowa suna cinye hatsi.

A 1987 aka kafa shirin kare fadamun Haɗeja da Nguru. Masana suka auna ruwan, suka ba da shawarar a riƙa sako shi daga dam da yawa a cikin damina, a kwaikwayi cikowar asali, sannan a yashe hanyoyin da suka toshe. A 1992 kuma gwamnatin tarayya ta yi Doka ta 86, wadda ta wajabta binciken illar babban aiki ga muhalli kafin a fara shi. Tiga ya riga dokar zuwa da shekara 18.

Irin wannan gyara ya taɓa yin aiki a arewacin Kamaru. Dam ɗin Maga na 1979 da shingen da aka gina a gaɓar Kogin Logone sun busar da fadamar Waza. A 1994 injiniyoyi suka buɗe wani mashigi a shingen, ruwa ya sake malala, kifi da ciyawa suka dawo.

A Haɗeja har yau ana fama da kachala, ana sara tana tsirowa, domin ruwan ranin da yake ciyar da ita bai daina zuwa ba. Shi ya sa duk sanda aka tayar da zancen dam ɗin Kafin Zaki a kan Kogin Jama'are, mutanen Yobe suke ɗaga murya. Jama'are ne babban kogin da ya rage yana kawo musu cikowar damina ba tare da an tare shi ba.