Ƙin Sa Hannu: Makamin Sabon Ɗan Wasa a Ƙwallon Amurka

Idan muka ce ƙwallo a nan, muna nufin irin ta Amurkawa, wadda ake runguma a ruga da ita ana bangaje juna. Sau da yawa akan ji saurayin da ya fito daga jami'a, bai taɓa buga wa ƙungiya wasa ba, amma ya ƙi sa hannu a kwantiragi, ya ƙaurace wa sansanin horo. Shin girman kai ne? Bari mu waiwayi tarihi.

A shekarar 1936 hukumar NFL ta ɓullo da tsarin da ƙungiyoyi ke zaɓen sababbin 'yan wasa bi da bi, wadda ta fi rauni ita ke fara zaɓe. Wanda aka zaɓa ba shi da ikon zuwa wata ƙungiya ya taya kansa. Ashe ke nan makami ɗaya ya rage masa: ya ce a'a. Jay Berwanger, wanda aka fara zaɓa a wannan shekara, bai daidaita da Chicago Bears kan albashi ba, kuma bai taɓa buga wasa a NFL ba. A 1983 John Elway ya ƙi Baltimore Colts, har sai da aka miƙa shi ga Denver Broncos.

Sannu a hankali kuɗi suka yi tashin gwauron zabi. JaMarcus Russell bai sa hannu ba a 2007 sai da aka fara wasannin kaka. A 2010 aka lamunce wa Sam Bradford dala miliyan 50 tun bai taka fili ba. Wannan ya sa a 2011 masu ƙungiyoyi da ƙungiyar 'yan wasa suka ƙayyade albashin sababbi. Cam Newton, zaɓin farko na shekarar, ya samu miliyan 22.

Amma rikicin bai mutu ba, salo ya sauya. A 2016 Joey Bosa ya shafe kusan wata guda yana jayayya da San Diego Chargers kan lokacin biyan kuɗin sa hannu, da abin da zai samu idan aka sallame shi.

Dalili kuwa a bayyane yake. Jarin matashin nan jikinsa ne, kuma karaya ɗaya na iya rufe masa sana'a. Kwantiragin farko kan zama na ƙarshe ga da yawa daga cikinsu. Don haka yake tsayawa ya yi ciniki tun gwiwarsa na da lafiya, domin an ce tun ran gini tun ran zane.